Kafin Ka Ci Miyar Kalaba

Wurno,
Ranar Asabar.

"Adda, wallahi kafin Babbar Sallah zan je a yi mini gwajin. Ki daina sa abin a ranki." Kai ka faɗi haka, a tsaye bakin ƙofar ɗakina, takalmi ɗaya a ƙafarka ɗaya a hannu. Na sa maganarka gaba da sallama don kada ka ce ka manta da ita. Sallah ta zo ta wuce, naman layya ya ƙare har da soyayyen da na ɓoye maka a gwangwani, ba ka je ba.

To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta iske ka lafiya, kai da kawunka da iyalinsa duka. Allah ya tsare ka a zaune da a tafe, ya tsare abin da za ka kai bakinka, ya sa ka karanta wannan har ƙarshe ba ka ninke ta ka cusa a aljihu ba.

Na rubuto ne saboda waya ba ta yi mana komai. In na kira, ka ce "to, Adda", ni kuma in tambaye ka ko an yi ruwa a Sakkwato, shi ke nan mu kashe. Haka muke tun kana yaro. Kai ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanka ba, kai ma ba ka taɓa ce mini Mama ba, sai Adda kamar yadda ka ji ƙannena na faɗa. A takarda dai ba sai mun kalli juna ko mun ji muryar juna ba.

Matar kawunka ce ta gaya mini an tura ka Kalaba bautar ƙasa, saura mako biyu ku tafi. Na yi maka murna. Sai ta ƙara da wani labari tana dariya, wai ka ce mata ba sai ka je asibiti ba, in ka isa can za ka riƙa ɗanɗana miyarsu kaɗan-kaɗan har jikinka ya saba, ai komai sabo ne. Wai har ka ce kai da ka tashi a kan kifin Goronyo, wane ƙaramin ƙwaron ruwa zai ba ka tsoro. Ta yi ta dariya, ni ma na taya ta don kada ta gane na tsorata. Shekara huɗu a jami'a, ka fito da wannan dabara. Da mai tallan goro ne ya faɗa da na yi masa uzuri.

Ka saurara. In ka je wurin likita, ba da allura zai fara ba, da tambaya zai fara. Mi ka ci, yaushe abin ya taso bayan ka ci, a ina ya tsaya, a fata ne kawai ko har maƙogwaro, sau nawa ya taɓa faruwa. Rabin gwajin yana cikin amsoshin nan, kuma kai ba ka san su duka ba, domin ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin ba. Ga shi nan, har da inda na yi wauta.

Na farko a Goronyo ne, gidan kakarka Inna, inda kake tun da anka yaye ka. Kana da wajen shekara shida. Na zo ganin gida bayan an cire amfanin gona, lokacin da fara ke cika kasuwa. Wani ya sayo maka soyayya a ƙunshin takarda, ta sha yaji, ka zauna gindin turmi kana ci. Ni ina kan tabarma tare da ƙannen babanka mata, muna tsintar shinkafa. Ba a daɗe ba ka fara sosa wuya. Leɓunanka sunka kumbura, idonka na dama ya rufe, jikinka ya yi ruɗu-ruɗu. Sannan na ji numfashinka ya sake, yana fita da wani siririn sauti kamar ana busa kara.

Na ji shi sarai. A lokacin na riga na fara koyar da ilimin halittu, na san sautin nan ba na wasa ba ne. Amma surukata na tsakar gida, ƙannen mijina na kewaye da ni, kai kuma ɗan fari. Ban tashi ba. Na ci gaba da tsintar shinkafa, ina ɗaukar tsakuwa ina mayar da ita cikin faifan. Inna ce ta ɗauke ka tana cewa, "Mi yas sami yaron ga? Maganin heshi na. Na ce a bar sayen hwarar kasuwa." Ta ɗura maka nono, ta shafe ka da manja. Sai ƙaramar gwaggonka ta dube ni ta ce wa sauran su kalli uwar, ko gezau, wannan ta san kunya. Yabona anka yi, ka ji. Kana neman iska, ni ana yabona. Allah ya kawo babanka ya saɓa ka a babur zuwa asibiti, kafin su isa abin ya fara sauka da kansa. Anka bar shi a kan maganin feshi, ni ma na bar shi a haka.

Abin da zan gaya maka a nan shi ne, kada ka yi irin zaman da na yi. Ranar da ka isa sansani, kafin ka san inda za ka rataye jakarka, ka gaya wa wanda ke kwana kusa da kai. Ka gaya wa ma'aikatan ɗakin shan magani. Ka ce musu in sun ga bakinka ya kumbura ko muryarka ta shaƙe ko kana neman faɗuwa, kada su tsaya yi maka fifita, kada kuma su tashe ka tsaye su ce ka daure ka taka. A kwantar da kai, a ɗaga ƙafafunka, in numfashi ya yi wuya a jingina ka zaune, a nemo allura da gudu. Na san za ka ji nauyin faɗa, za ka ga kamar kana neman a tausaya maka. Ka faɗa da nauyin.

Na biyu ba ciwo ba ne, amma shi ya fi ba ni haushi. Bayan rasuwar Inna ka dawo hannuna a Wurno. Munka je suna Lahodu, anka kawo mana tuwo, ka leƙa kwanon ka tambayi matar gidan mi anka sa a miyar. Tambayar yaro ce, wataƙila ma jikinka ne ya tuna abin da mu manya munka manta. Matan wurin sunka yi dariya, wata ta ce ɗan malamar boko ne, sai an karanta masa miya kafin ya sha. A hanyar komawa na murɗe maka kunne har ka yi ƙwalla. Na ce baƙo ba ya tambayar abin da ke cikin kwano, ba ya cewa ya ƙoshi, abin da anka ajiye masa shi zai ci ya yi godiya. Ka ɗauki darasin. Cikin duk abin da na koya maka, da karatu da lissafi da wanke hannu, babu wanda ya zauna maka kamar wannan. Har yau in an ba ka abinci sai ka cinye, ko da ba ka so, kana murmushi.

Na janye wannan darasi. Ni na ba ka shi, ni kuma na karɓe abina. Ka tambaya. A gidan mutane, a wurin mai abinci, a gidan shugabanka na aiki, ko da gidan surukanka ne wata rana. Wanda ya ji haushi ya ji.

Na uku ka tuna shi, amma ba ka san ƙarshensa ba. Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar kudancin Kaduna da ta yi haya a gidan da ke jikin namu. Shekaru muna musayar kwano da ita. Da Sallah in aika mata nama da waina, da Kirsimeti ta kawo mana shinkafa da kaza, kuma kullum sai ta kai kazar wurin mahaucin unguwa ya yanka don mu ci da kwanciyar rai. Shekarar da kake aji huɗu na sakandare ta ce ta gaji da kawo mana abu ɗaya, ta yi sakwara da miyar agushi irin ta wata abokiyar aikinta, ta daka kirefish ta zuba. Ita da kanta ta kawo, ta tsaya a kanka tana tsokanarka, wai saurayin Malama ya ci ya gaya mata gaskiya. Daga baya ka ce mini tun lomar farko ka ji harshenka na ƙaiƙayi, maƙogwaronka kamar an zuba yashi. Na ce to don mi ka ci gaba. Ka ce ai tana tsaye, Adda.

A bakin randa ka faɗi. Wannan karon na tashi, amma ban san abin yi ba, sai salati nake ina jijjiga ka. Rifkatu ce ta ture ni gefe. Ta hana a zaunar da kai a babur, ta tare motar masu albasa, anka shimfiɗe ka a baya, ta ɗora ƙafafunka kan buhu. Ba ta ko sa takalmi ba. A asibiti ita ta soka maka allurar adirenalin a cinya, ta cikin wando, ba ta jira an cire ba. Ina tsaye na ga iska ta koma cikin ƙirjinka. Ta hana a sallame ka ranar, ta ce wani lokaci abin kan lafa ya sake dawowa. Washegari ta zaunar da ni ta ce, "Malama, kirefish ne. Wannan ba borin jini na ƙaiƙayi kawai ba ne, irin mai kashewa ne. Ki kai shi Sakkwato a gwada shi, a ba ku takarda da allura."

Kafin mu dawo gida magana ta zaga unguwa. Wai an ba ɗan Malama abu a abinci. Wasu sunka ce naman da bai halatta ba ne jikinka ya ƙi, wasu sunka ce abin ya fi haka. Ban yarda da ko ɗaya ba, na rantse maka. Amma da mata sunka cika ɗakina suna jaje suna faɗin haka, ban ce musu ƙarya kuke ba, matar nan ce ta ceto shi. Na ce Allah dai ya kyauta. Da Sallah ta zagayo na aika mata nama, da Kirsimeti ta zo ba ta aiko ba, ni kuma ban tambaya ba. Bayan nan anka mayar da ita Rabah, daga can ta koma garinsu. Ga gwajin kuma ban kai ka ba. Na ce a raina a Wurno wa ke sa kirefish a miya, da kuka da daddawa da kuɓewa muka sani. Tunda kwanon gida ɗaya ya daina shigowa, na ɗauka magana ta ƙare. Haka na yi asarar ƙawa, kai kuma na bar ka da ciwonka ba takarda ba allura.

Don haka in ka je can, kada ka ɗauki mutanen a matsayin abin tsoro. Babu mai nufinka da sharri. Wadda za ta zuba maka abin da zai shaƙe ka, da ƙauna za ta zuba, ta ƙara maka don kai baƙo ne daga nesa. Kuma in abin ya faru, Allah ya kiyaye, su ɗin ne za su ɗauke ka da gudu, ba ni ba.

Na huɗu kai ka fi ni sani, tunda ɓoye mini ka yi. Bara a ɗakin kwananku na jami'a, taliyar leda da abokinka ya dafa ya jefa dunƙulen ɗanɗanon girki mai hoton jatan lande a jikin takardarsa. Ka kumbura, ka haɗiye ƙwayar ƙaiƙayi ka kwanta, Allah ya sa ka tashi. Sai a bakin uwar abokin na ji, a wurin ta'aziyya, tana ba ni labari kamar na sani. Shi ne na ja ka gaban likita, ya ce ka dawo a yi gwaji, kai kuma ka yi mini alkawarin da na buɗe takardar nan da shi.

Tun daga ranar nake karatu a kan abin. Ka san ni, in abu ya tsorata ni sai na karanta shi. Akwai wani sinadari a cikin tsokar halittun ruwa masu ɓawo, jatan lande da ƙaguwa da danginsu, ana kiransa turofomayosin. Ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu, amma shi ne babba. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Kai jikinka ya ɗauke shi abokin gaba, da ya shigo sai ya tashi yaƙi, yaƙin kuma a kanka yake ƙarewa. Wuta ba ta lalata shi. A dafa, a soya, a busar a rana, a daka ya zama gari, yana nan. Kirefish ɗin da ake sayarwa a kwano ba wani abu ba ne illa ƙananan jatan lande da anka busar. Man da anka soya su a ciki yana iya ɗauka, cokalin da anka juya miyar da shi yana iya ɗauka, wasu ma tururin tukunyar kaɗai kan tayar musu.

Kifin Goronyo da kake taƙama da shi ba ya cikin wannan. Kifi mai ƙaya dabam ne, abin da ke tayar wa masu borin kifi wani sinadari ne dabam. Ka ci tarwaɗa da karfasa duk rayuwarka lafiya, wannan bai ce komai a kan ƙaguwa ba. Amma fara tana ciki. Fara da kyankyaso da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa, duk suna da irin sinadarin nan, kusan kamarsu ɗaya. Da na karanta wannan sai na rufe littafin na zauna. Shekara nawa ina zana fara da ƙaguwa a allo, gefe da gefe, ina gaya wa 'yan mata dangi ɗaya ne, masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo a waje, ina cire maki ga wadda ta manta. Ban taɓa haɗa zanen da ɗana da ke gindin turmi ba. Ba zan rantse cewa ba maganin feshi ba ne ranar, likita ne zai auna. Amma ka gaya masa labarin farar.

Shi gwajin da kake gudu, ga yadda yake. Za su ɗiga ruwan abin a fatar hannunka, su ɗan tsaga saman fatar da tsinin da bai kai ƙayar aduwa ba, ku jira kaɗan. In wurin ya tashi kamar cizon sauro, an ga alama. In ba su da kayan wannan, ko kuma don su ƙara tabbatarwa, za su ɗebi jini su nemi sojojin da jikinka ya tanada musamman don wannan abu. Likitan ya ce jinin wani lokaci sai an aika da shi wani gari, shi ya sa ba a barin sa sai ana gobe tafiya. Ƙwayar ƙaiƙayin nan da kake sha kamar gyaɗa, ka daina ta daga yau, domin tana rufe alamar a fata, a gwada ka a ga ba komai alhali akwai. In ka sha ta cikin kwanakin nan ka gaya masa gaskiya.

Kuma sakamakon ba kai za ka fassara shi ba, ba kuma wayarka ba. Akwai wanda gwaji zai nuna alama saboda kyankyason ɗakinsu ne, alhali yana cin jatan lande lafiya. Shi ya sa likita ke haɗa abin da ya gani da labarin da ka ba shi. In har ya rage shakka, akwai gwajin da ake ba mutum abin ya ci kaɗan-kaɗan, amma a asibiti, likita na tsaye, allura na kan tebur, kuma mai labari irin naka da wuya ma su yarda su yi masa. Wannan shi ne abin da kai kake shirin yi wa kanka a rumfar mai abinci, da ruwan leda a hannu. Irin wannan bori ba a cika rabuwa da shi ba in an girma da shi. Ba ya kuma yin alkawari. Don ya tsaya a leɓe bara, ba shi ne zai tsaya a leɓe bana ba. An ce motsa jiki bayan cin abin yana iya ƙara masa ƙarfi, ku kuma can fareti za ku yi ta yi cikin rana. Ƙwayar ƙaiƙayi tana kwantar da ƙuraje, ba ta buɗe maƙogwaron da ya rufe. Allurar ce ke buɗewa. Abin da nake so ka fito da shi daga wurin likita ke nan: takarda mai sa hannunsa da za ka nuna a sansani, da bayanin yadda za ka sami allurar da yadda ake yin ta, ya nuna maka da hannunsa. Ka tambaye shi kuma batun dodon koɗi da sauran masu ƙwanso, don can suna cin su sosai, kada ka yanke wa kanka hukunci.

Shekaranjiya na nemo lambar Rifkatu a wurin wata tsohuwar abokiyar aikinta a Rabah. Na daɗe ina kallon lambar kafin na danna. Da ta gane muryata sai ta ce ashe Malama tana da waya. Na ce ina da ita. Ta ce to ta ɗauka sai an sake faɗuwa a bakin randa zan neme ta. Na haɗiye, domin ta fi ni gaskiya. Na ba ta haƙuri, ta ce in bar wannan, ina saurayinta. Da na ce Kalaba za ka, ba ka kuma yi gwajin ba, sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce in gaya maka abu ɗaya da babu shi a littattafaina. Can, kirefish ba a lissafa shi cikin kayan miya, kamar yadda mu in an tambaye mu mi ke cikin miya ba mu ambaton gishiri da daddawa. Yana cikin wake, yana cikin dafa-duka, yana cikin alale, yana cikin yajin da ake barbaɗawa. In ka ce akwai jatan lande a ciki, mai abinci za ta ce babu, kuma ba ƙarya ta yi ba a ganinta. Sai ka kira sunan kirefish, ka ce ko na gari, ko na dunƙule. "In ta ce ɗan kaɗan ne," in ji ta, "ya ajiye cokali ya tashi. Kuma ki ce masa ni na ce, in ya sake cinye abu don kunyar mai abinci, ni zan zo in mare shi kafin ke." Ta ce ka kira ta in ka isa. Na rubuta lambar a bayan takardar nan.

Kada ka ce ina neman hanyar da zan hana ka tafiya. Na san abin da kake gaya wa kawunka, wai tun rasuwar babanka na rasa abin yi sai kai. Akwai gaskiya a ciki. Gidan nan ya yi mini yawa. In na dawo daga makaranta na buɗe ƙofa, yadda na bar kofi da safe haka nake iske shi. Har yanzu hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba, kullum sai tuwo ya kwana, in ba 'ya'yan maƙwabta. Rediyo nake bari a kunne ko ba na saurare, wani lokaci in ji ina ba mai labarai amsa. Da la'asar in an tayar da injinan ban ruwa a fadama, nakan tuna lokacin da kuke dawowa kai da babanka, ƙafafunku duk laka, kuna gardamar ƙwallo. Amma na iya wannan zama, na ƙware a kansa. Ka tafi Kalaba, ka ga teku, ka koyi yarensu, in ka ga dama ka zauna can ka yi aiki. Zan iya zama a gidan da ake jiran wani ya dawo, ko da sau ɗaya a shekara ne. Wanda ba zan iya ba shi ne gidan da ba a jiran kowa. Kai kaɗai gare ni. Al'ada ta ce kada in nuna, na bi ta shekara ashirin da wani abu, an yabe ni, ga abin da yabon ya saya mini.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Ya haɗa ka da mutanen kirki irin Rifkatu, ya ba ka bakin tambaya, ya raba ka da kunyar da ba ta da amfani. Allah ya jiƙan babanka da Inna. Ka gaida kawunka, ka ce masa na gode da riƙo.

Ranar Alhamis ce likitan ke ganin masu irin larurarka. Alhamis mai zuwa nake nufi, ba ta sama ba. Kafin rana ta faɗi ina so in ga hoton takardarsa a wayata, da hoton hannunka inda anka gwada ko inda anka ɗebi jinin. In ban gani ba, ba zan kira ka ba, ba zan kuma aiko kowa ba. Na riga na yi magana da shugabar makarantarmu, ta ce in na tashi in tafi, za a riƙe mini azuzuwana. Na ɗaure tukunya biyu da kuka da daddawa da garin masara. Ranar tafiyarku za ka iske ni a tasha, a kujerar da ke bayan taka. In mun isa zan nemi ɗaki kusa da sansanin, in riƙa dafa maka safe da yamma, in kawo bakin ƙofa. Kuma ba ɗan aike zan tura a kira mini kai ba. Zan tsaya gaban sojoji da 'yan matan da kake so su ɗauke ka babban mutum, in ɗaga murya in kira ka da sunanka na yanka, har sai ka fito. Jiya na rufe ɗaki na gwada faɗinsa ni kaɗai, don in ji ko bakina zai iya. Ya iya.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.